Daga Tsutsa Zuwa Sankarar Jini: Da Me Ake Auna Tasirin Masanin Ciwon Daji?

Duk shekara, idan jerin sunayen nan da ake dangantawa da Jami'ar Stanford ya fito, na masana kimiyyar da aka fi ambaton ayyukansu a duniya, sai zaurukan WhatsApp na ɗalibai da ma'aikatan lafiya 'yan Arewa mazauna Legas su cika da barka. Wane ya shiga kashi 2 cikin 100 na sama, wance an ambaci takardunta sau dubu kaza. A sa hoto, a yi addu'a, a wuce. Abin farin ciki ne. Amma da za ka tare ɗaya daga cikin masu tura saƙon a bakin masallaci a Idi-Araba ka ce, "Malam, wannan ambaton da ake ƙirgawa, me ya ƙara wa mai ciwo?", da wuya amsarsa ta wuce "ai babban masani ne".

Tambayar tana da amsa, sai dai ba a cikin lambar take ba. Fannin da ya fi nuna haka shi ne binciken yadda RNA ke sarrafa ƙwayoyin halitta a ciwon daji, musamman aikin wasu likitoci biyu, Carlo Croce ɗan asalin Italiya da George Calin ɗan asalin Romaniya, waɗanda ke cikin masu binciken sankara da aka fi ambato a duniya.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane abin da suka yi. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, haruffa kimanin biliyan 3. Ƙwayoyin gado masu ba da umarnin ƙera furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma wurin da suka ci bai kai kashi 2 cikin 100 na DNA ɗin ba. To idan umarnin ɗaya ne, me ya sa ƙwayar hanta ba ta zama ta ido ba? Saboda kowace ƙwaya tana zaɓen abin da za ta karanta da abin da za ta bari, da kuma yawan da za ta ƙera. Ciwon daji, idan aka tace shi, lalacewar wannan zaɓen ne: ƙwaya ta riƙa rabuwa ba tsayawa, ko ta ƙi mutuwa lokacin da ya kamata ta mutu.

Wanda ya san harkar kayan gwari a Mile 12 zai gane tsarin da sauri. Babban littafin maigida yana cikin ofis, ba ya fita. Idan ana son a sauke kwando hamsin na tumatir, sai a kwafi umarnin a 'yar takarda, a ba yaro ya kai wa 'yan dako. Littafin shi ne DNA, 'yar takardar ita ce RNA ɗan aike, kayan da aka sauke su ne furotin. Shekara da shekaru masana sun ɗauka duk iko yana ofis, wato a rubuta takardar ko kada a rubuta. Ashe akwai wani a tsakanin ofis da bakin mota, mai tare yaron ya duba takardar, ya yage ta ko ya soke ta a aljihu. Wannan mai tarewar shi ake kira maikro-RNA. Gajere ne ƙwarai, haruffa kimanin 22, ba ya ƙera furotin ko ɗaya. Aikinsa ya manne wa RNA ɗan aike inda haruffansu suka dace, ya sa a rusa shi ko a hana karanta shi.

Ba a jikin mutum aka fara ganinsa ba. A wata tsutsa ce mai suna C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Victor Ambros da Gary Ruvkun sun yi aiki tare a ɗakin binciken Robert Horvitz a MIT cikin shekarun 1980, suna neman dalilin da ya sa wasu tsutsotsin ke rikita matakan girmansu. A 1993 kowannensu ya fitar da takarda a mujallar Cell. Ɗakin Ambros, inda Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka yi aikin hannu, ya nuna cewa ƙwayar gado mai suna lin-4 ba furotin take fitarwa ba, ɗan guntun RNA ne. Ɗakin Ruvkun ya nuna inda guntun ke mannewa a jikin saƙon wata ƙwayar gado mai suna lin-14 ya kashe masa murya.

Duniya ta yi shiru. Aka ɗauka wani abin al'ajabi ne na tsutsa wanda bai shafi mutum ba. Ambros ma a lokacin Jami'ar Harvard ta riga ta ƙi ba shi kujerar dindindin, ya koma Dartmouth. Sai a 2000 ɗakin Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma tarar yana nan a ƙuda, da kifi, da mutum. Daga nan kasuwa ta buɗe. A yau an san mutum yana da irin waɗannan fiye da 1,000, kuma a watan Oktoba na 2024 aka ba Ambros da Ruvkun kyautar Nobel. Da a 1997 aka auna Ambros da yawan ambato, da an ce bai taɓuka abin kirki ba. Wannan shi ne aibin ma'aunin na farko: aikin da ya riga zamaninsa ba ya samun masu ambato, domin babu wanda ya iso wurin tukuna.

Croce kuwa ta wata ƙofa ya shigo, kuma ƙofar ta ratsa Afirka. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda aka sa wa sunansa daga baya. Ana samunta a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da namu. Ƙwayoyin da ake kira Raji, waɗanda har gobe ake renonsu a ɗakunan bincike na duniya, daga jikin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 aka samo su a Ibadan a 1963. A 1982 Croce, a Filadelfiya, da Riccardo Dalla-Favera suna cikin waɗanda suka nuna cewa a wannan cutar wani yanki na kuromosom (wato ƙunshin DNA) na 8 yana ɓallewa ya manne a na 14, ya kai ƙwayar gado mai suna MYC wurin da za ta riƙa aiki ba hutu. A 1984 ɗakinsa, ta hannun Yoshihide Tsujimoto, ya gano wata ƙwayar gadon a wata sankarar, aka sa mata suna BCL2. Me take yi? Sai a 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams suka gano a Melbon ta Ostireliya cewa ba saurin rabuwa take sa ƙwaya ba, hana ta mutuwa take yi.

A riƙe BCL2 a zuciya, za a sake haɗuwa da ita.

Akwai wata sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda ta fi kama dattawa, likitoci na kiranta CLL. An daɗe da lura cewa a fiye da rabin masu ita wani ɗan yanki na kuromosom na 13, wurin da ake kira 13q14, ya ɓace. A ƙa'ida, idan yanki ya ɓace ciwo ya taso, to akwai wani mai tsaro da ke zaune a wurin. Ɗakunan bincike da dama suka shekara suna tonon yankin suna neman ƙwayar gado mai ƙera furotin, ba su samu wadda ta gamsar ba. Calin, wanda ya zo aiki wurin Croce a Jami'ar Thomas Jefferson, shi ma ya sha wannan wahalar. Da labarin maikro-RNA ya bazu a 2001, sai suka sake duba wurin da sabon ido, suka tarar da biyu a zaune: miR-15 da miR-16. Takardarsu ta fito a mujallar PNAS a 2002, ta nuna cewa a kimanin kashi 68 cikin 100 na masu CLL da suka gwada, waɗannan biyun sun ɓace ko sun ragu. Wannan ne karo na farko da aka haɗa maikro-RNA da ciwon daji a ɗan Adam.

A 2005 suka ƙara gaba, suka nuna cewa ɗaya daga cikin saƙonnin da miR-15 da miR-16 ke tarewa shi ne na BCL2. Sai lissafi ya haɗu. Masu tarewa sun ɓace, BCL2 ta yi yawa, fararen ƙwayoyin jinin da ya kamata su mutu suka ƙi mutuwa, suka taru a jini da ɓargo da kaluluwa.

A ganina, shaidar tasirin wannan aikin da ta fi kowace lamba nauyi ta zo ne a 2010, kuma ba daga ɗakinsu ba. Ulf Klein da Dalla-Favera a Jami'ar Columbia suka cire wannan yankin daga jikin ɓeraye, wani kaso na ɓerayen ya kamu da cuta mai kama da CLL. Wani daban ya gwada da hannunsa, abin ya tabbata. Takarda ɗaya irin wannan ta fi ambato dubu na "kamar yadda wane ya ce".

Ga kuma wurin da ake yawan zarce gona da iri. A 2016 Amurka ta amince da wani magani mai suna venetoclax, wanda ke toshe furotin ɗin BCL2, kuma ya sauya yadda ake jinyar CLL. Za ka ji ana cewa binciken maikro-RNA ne ya haifi maganin. Ba haka ba ne kai tsaye. Maganin ya fito ne daga aikin BCL2 na shekarun 1980, da shekarun da masana haɗa magunguna na kamfanin Abbott, daga baya AbbVie, da Genentech da mutanen Melbon suka kwashe suna gwaji. Abin da aikin 2002 da 2005 ya ƙara shi ne bayanin dalilin da ya sa masu CLL ke da BCL2 mai yawa. Gudummawa ce ta gaske, amma daga ganowa zuwa ƙwayar magani an ci shekara 32, kuma hannu ya fi ɗari.

Bayan 2002 ambaliya aka yi. A 2005 kaɗai, ɗakin Frank Slack ya nuna let-7 yana danne RAS, wadda ke da hannu a sankarar huhu; wasu suka nuna tarin miR-17-92 yana hura wutar sankara maimakon kashe ta; ɗakin Todd Golub ya auna maikro-RNA 217 a samfura 334, ya nuna ana iya gane asalin ƙari daga tsarinsu. A 2007 aka gano cewa p53, babban mai gadin ƙwaya, yana amfani da miR-34 wajen aikinsa. Kowa ya ɗauka magani ya kusa. Idan rashin mai tarewa ne ya kawo ciwo, ai sai a ƙera shi a zuba wa maras lafiya.

An gwada. Wani kamfani a Texas ya naɗe miR-34 na ƙira a cikin ƙwayoyin kitse, ya sa masa suna MRX34, aka fara ba masu ciwon daji a 2013. A 2016 aka dakatar da gwajin, domin garkuwar jikin wasu ta yi mummunar tayarwa, mutum 4 suka rasu. Matsalar tana cikin halittar abin. Maikro-RNA ɗaya yana iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, ba wanda kake nufi kaɗai ba. Jiki kuma yana kallon baƙon RNA a matsayin ƙwayar cuta. Sannan ga wahalar isar da shi cikin ƙarin, domin yawancin abin da aka zuba a jini hanta ce ke kwashewa. Shi ya sa magungunan RNA masu kashe saƙo da suka yi nasara, irin su patisiran da aka amince da shi a 2018, cututtukan da tushensu ke hanta suka fara kamawa. Har yanzu babu maganin maikro-RNA ko ɗaya da aka amince da shi don ciwon daji, duk da dubban takardun da aka rubuta.

Yanzu a dawo kan lambar. Ƙirga ambato ya samo asali ne daga Eugene Garfield, wanda ya fara fitar da kundinsa a 1964. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin h: idan aka ce h ɗin mutum 50 ne, yana da takardu 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Ma'auni ne mai sauƙi, shi ya sa kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i suke sonsa. Amma bai san fanni ba. Mai binciken sankara, inda masu rubutu suka yi dubbai, zai tara ambato a shekara biyar fiye da abin da mai binciken cizon maciji zai tara a rayuwarsa. Bai bambanta wanda ya gano abu da wanda ya tattara abin da wasu suka gano ya yi bita ba, kuma takardun bita sun fi jan ambato. Shugaban babban ɗakin bincike sunansa na hawa kusan kowace takarda da ta fito daga ɗakin. Takardar da ta daɗe tana riƙe da kambin ambato a tarihin kimiyya ma ta Oliver Lowry ce ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. Hanya ce mai amfani, amma ba wanda zai ce ta fi gano tsarin DNA.

A fannin maikro-RNA akwai wani ciwon na daban, wato kamfanonin da ke ƙera takardun bogi suna sayar wa masu neman ƙarin girma. Fannin ya yi musu daɗi saboda tsarin takardar ɗaya ne: maikro-RNA kaza yana hana sankarar kaza ta hanyar danne ƙwayar gado kaza. A sauya sunaye uku, a juya hotuna, an samu sabuwar takarda. Jennifer Byrne, mai binciken ciwon daji a Sidni, tare da masanin kwamfuta Cyril Labbé, sun ƙera wata manhaja mai duba jerin haruffan da marubuta suka ce sun yi amfani da su, suka tarar da takardu ɗaruruwa da haruffan ba su dace da abin da aka ce an gwada ba. A 2023 an janye takardun kimiyya fiye da 10,000 a duniya. Abin da ba a cika lura da shi ba, kowace takardar bogi tana buɗewa da ambaton manyan fannin, don ta yi kama da ta gaske. Ke nan shara ma tana ƙara wa masanin kirki lamba, ba da saninsa ba.

Shi kansa Croce bai tsira daga ce-ce-ku-ce ba. A 2017 jaridar New York Times ta yi dogon rahoto kan zarge-zargen sarrafa hotuna da kwafen rubutu a takardun ɗakinsa a Jami'ar Jihar Ohio. Ya kai jaridar kotu, bai yi nasara ba. An janye wasu takardun, an gyara wasu. Binciken jami'ar ya samu wasu ma'aikatan ɗakin biyu da laifi; shi bai same shi da laifin maguɗi ba, amma ya soki yadda yake kula da ɗakin. Duk da haka batun miR-15 da miR-16 yana nan daram, domin wasu sun gwada sun gani. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, amma a cikinta akwai aikin da ya tsaya da ƙafarsa da wanda ya rushe, kuma h bai iya raba su.

To mu da ke Legas, ina ruwanmu? CLL ba ita ce babbar damuwarmu ba. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna Najeriya na samun sabbin masu cutar fiye da 120,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa, sankarar mama ce a kan gaba. Akwai cibiyar jinyar ciwon daji da aka buɗe a LUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, a 2019, tana nan a Idi-Araba, kusa da gidajen 'yan uwanmu. Amma kowa ya san yadda abin yake tafiya a unguwanninmu. Mace ta ji ƙullutu a mama, ta yi shiru saboda kunya. Da ta faɗa, sai wata gwaggo ta ce, "Ke dai kada ki bari su taɓa ki da ƙarfe, daji ba ya son ƙarfe." A shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata shida, har wurin ya fashe ya fara wari, sannan a ɗauko ta daga Agege a ɗan sahu zuwa asibiti. A lokacin likita ba shi da sauran dabara mai yawa.

Ga irin wannan matar, alfanun maikro-RNA da ya fi kusa ba magani ba ne, gwaji ne. A 2008 aka nuna cewa waɗannan guntayen suna yawo a jini ba sa saurin lalacewa, kuma ana auna su da injin PCR, irin wanda annobar korona ta sa ya yawaita a ɗakunan gwaji na Legas, har da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba. Ɗibar jini a hannu ba ta da tsoro kamar yanka. An kuma ga misalin da ya yi aiki: miR-371a a sankarar 'ya'yan maraina, inda wani babban bincike da aka jagoranta daga Jamus, wanda ya fito a 2019, ya nuna gwajin yana kama kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar. A sankarar mama ba a kai nan ba. Kowane ɗakin bincike da nasa jerin maikro-RNA da ya ce suna nuna cutar, kuma jerin ba sa haɗuwa.

Ko da sun haɗu, sai an tambayi jinin wa aka gwada. Manyan rumbunan bayanan sankara na duniya yawancinsu daga jikin Turawa aka tara su. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take aiki a Jami'ar Chicago, ta shafe shekaru tana nuna cewa sankarar mama a matan Afirka ta Yamma tana zuwa da wuri, kuma nau'in da ba ya jin maganin hana sinadarin mata ya fi yawa a cikinsu.

Akwai ma wata matsala ta kusa da ta fi wannan sauƙin gani. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-451 da miR-16, wancan dai na CLL. Idan suka farfashe, sai su zubar da abin da ke cikinsu a ruwan jinin, awon ya rikice, alhali masu bincike da yawa da miR-16 suke daidaita sauran awonsu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke fasa jajayen ƙwayoyi kullum, ga masu sikila da yawanmu ya fi na kowace ƙasa, ga kwalbar jini da za ta yi awa uku a cunkoson Ikorodu Road cikin zafi kafin ta isa ɗakin gwaji, iyakar awon da aka tsayar a Hamburg ko Houston ba lallai ta yi aiki ba. Sai wani ya tara jinin masu lafiya da marasa lafiya a nan, Hausawa da Yarbawa da Ibo, ya rubuta wanda ke da zazzaɓi da wanda ke da sikila, ya rubuta minti nawa kowace kwalba ta yi a hanya, ya adana su a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili wadda ba a ɗauke wa wuta, sannan ya bi mutanen shekara biyar ya ga wa ya kamu da wa bai kamu ba.